Saura Karnuka Goma Sha Biyu

Asabar biyar ke nan a jere babu karen da ya ji ko ƙwarzane a filin tsere, kuma duk faɗin Doha babu wanda wannan alheri ya hana wa cin abinci sai Musbahu.

Kada ku ce mugu ne. Musbahu Lawal ɗan Malumfashi mutum ne da ko kyankyaso ya tarar a banɗaki sai ya buɗe masa ƙofa ya ce ya fita lafiya. Abin da ya faru shi ne, shekara uku da suka wuce ya samu tallafin karatun digiri na uku a wata jami'a a nan Doha, aka ɗora masa aikin gano yadda za a rage raunin da karnukan tsere ke ji a ƙarshen gudu. Karnukan nan su ne ake kira saluki, dogaye, sirara, masu ƙugu irin na zanzaro, waɗanda Larabawa ke ji da su kamar 'ya'yan cikinsu. Duk safiyar Asabar a lokacin sanyi ake fita da su bayan gari cikin rairayi, a sake su goma sha biyu goma sha biyu, su bi wata a-kori-kura da aka rataya wa fatar barewa cushe da tsumma a kan dogon ƙarfe. Kilomita biyu ana zuba gudu, masu karnukan na biye a gefe cikin manyan motoci suna danna hon kamar 'yan ɗaukar amarya. Da an zo layin ƙarshe, daidai gaban rumfar manya, sai direba ya take birki. Barewar tsumma ta tsaya cak. To, kare kuwa Allah bai yi shi da birki ba. Na gaba ya daka tsalle ya cafke, na baya su afka masa, wannan ya daki ƙarfen mota, wancan ya wuntsila sau uku. A nan ake karaya, a nan ƙashi ke gocewa, a nan fata ke yagewa.

Farfesan Musbahu, wani dogon Bature da ya fi zama a jirgin sama fiye da ofis, shi ya zo da magani: wata ƙatuwar katanga ta roba da ake hura wa iska, a kewaye wurin tsayawar motar da ita, duk karen da ya taho a guje ya faɗa kan laushi. An yo odarta daga Turai, tana naɗe a wani sito a Al Aziziya tana jiran ranarta. Tsarin mai sauƙi ne a takarda. Da farko a bar filin yadda yake, a ƙirga rauni arba'in. Sannan a kafa katangar, a sake ƙirgawa na tsawon Asabar shida, a nuna wa duniya bambanci. In ba a cika arba'in ɗin farko ba, in ji Farfesa, alƙaluma ba za su yi magana ba, kuma in ba su yi magana ba babu kundi babu digiri. Tallafin Musbahu zai ƙare ƙarshen Afrilu, an riga an gaya masa a rubuce cewa babu ƙarin ko kwana ɗaya. Tseren kuma ƙarshen Maris ake rufe shi, in zafi ya kunno kai. Yana kan ashirin da takwas abin ya tsaya.

Ga kuma Inna Atine, mahaifiyarsa, can a gida. Tun ranar da ta tambaye shi me yake karantawa ya ce mata ƙashi, bai ƙara komai ba, ita ta cike sauran da kanta. Yanzu duk unguwar an san Musbahu ne ke yi wa 'ya'yan sarakunan Larabawa ɗori. Ko mai kayan miya Uwar Dakta yake ce mata, tana amsawa har da gyara mayafi.

Wani abin da ya kamata ku sani, shekara uku yana nazarin kare, Musbahu bai taɓa taɓa kare ba. Malamai sun ce karen farauta halal ne a ajiye, ya sani, amma sani daban jiki daban. Yakan zo fili cikin farar jallabiya mai guga, ya faka motarsa can nesa da rumfa, ya ɗaga gilashi, ya kunna esi, ya duƙufa kan waya. In an tashi, sai malamin dabbobin filin ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya miƙo masa takardar waɗanda suka ji ciwo. Sunansa Absalom Dauda, mutumin Bogoro ta jihar Bauchi, gajere mai furfura a gemu, shekararsa goma sha takwas yana ɗinke karnukan Larabawa. Musbahu kan karɓi takardar da yatsa biyu.

Ran Asabar ta biyar ɗin nan Absalom ya miƙo takarda fara fes, yana washe baki.

"Malam Musbahu, yau ma mun gode Allah."

"Alhamdulillahi," in ji Musbahu, kamar mai haɗiyar maɗaci. Sai ya kasa daurewa, ya sauke gilashin gaba ɗaya. "Baba Absalom, wai me ke faruwa ne? Karnukan sun daina gudu ne?"

"Wane irin daina gudu! Fito ka gani mana."

Ya fito yana tattare jallabiya. Absalom ya kai shi bayan a-kori-kurar, inda direbanta, Sadick, wani ɗan Zangon Kumasi mai yawan dariya, ke loda wasu buhuna. Buhunan albasa ne, jajaye, an cusa musu tsumma, duk sun sha cizo, ga wani irin ƙarni na tashi.

"Ka taɓa zuwa farauta?" in ji Absalom.

"A'a."

"To shi ya sa. A garinmu in karnuka goma suka taso zomo ɗaya, ba zomon ne ke ji musu ciwo ba, junansu ne. Babana, Allah ya ji ƙansa, ba ya fita sai da 'yar jakar guntayen nama. Da an kama zomo sai ya watsa, wannan nan, wancan can, kowa ya samu nasa, faɗa ya mutu. Na gaji da ɗinki, Malam Musbahu. Sai na ce wa Sadick kada ya ƙara taka birki a layi. Ya wuce, yana rage gudu a hankali a hankali har can gaba. Ni ina baya, in ɗage barewar sama, in dinga cilla buhu ɗaya dama ɗaya hagu. Na shafe su da kayan cikin kaza. Kowane kare ya danne nasa yana girgizawa, shi a ransa shi ya ci tsere."

"Massa, ka ga yadda suke murna kuwa?" in ji Sadick. "Har na ƙarshe ma da buhunsa yake komawa gida."

"Manya ba su ce komai ba?" in ji Musbahu.

"Su wa?" in ji Absalom. "Na'ura ce ke ɗaukar wanda ya fara tsallake layi. Su dai a gaya musu wa ya ci. Buhunan ma kyauta nake karɓa a kasuwar Abu Hamour."

Musbahu ya ce madalla sau uku. Ya koma mota ya zauna, esi na busawa, gumi na keto masa.

Da yamma ya kira Farfesa, wanda ya same shi a wani filin jirgi yana jiran tashi. Ya kwashe komai ya gaya masa, har ya yi ƙarfin halin cewa ko za a mayar da kundin ya koma kan buhunan, tunda ga shi suna aiki. Farfesa ya yi dariya har da tari. Ya ce buhun albasa ba kimiyya ba ne. Ya ce izinin da aka ba su na katanga ne, kuma in za a sauya, sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya zauna, shi kuwa kwamitin nan bai taɓa yanke hukunci ƙasa da shekara guda ba. "A mayar da filin yadda yake," in ji shi. "Saura goma sha biyu kawai. An kira jirginmu."

A makon nan Musbahu ya ga abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa: addu'a ta gagare shi. In ya idar da salla ya ɗaga hannu, sai ya rasa ta inda zai ɓullo wa maganar. Ya ce Allah ya karya karnuka? Subhanallahi. Ya ce Allah ya kare su? To shi fa? Ƙarshe sai ya tsaya a kan, "Ya Ubangiji, ka dai san halin da nake ciki," ya shafa da sauri.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ɗauko ƙullin kilishin da yake ta adanawa tun zuwansa gida na ƙarshe, ya nufi gidan Absalom a Abu Hamour. Ya tarar da shi a tsakar gida zaune kan bokiti yana cusa tsumma a buhu. Aka gaisa. Ya tambayi lafiyar Madam Miriam, matar Absalom, aka ce tana asibiti wurin aiki. Ya tambayi yara, ya tambayi mutanen Bogoro, ya tambayi labarin ruwan bara, har ya tambayi lafiyar wani ƙanen Absalom da bai taɓa gani ba. Absalom ya ajiye buhu.

"Malam Musbahu, wannan kilishin ba na banza ba ne. Faɗi abin da ke tafe da kai."

"Baba, alfarma ce. Ka san ni ɗanka ne a garin nan." Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. "Buhunan nan. Da za ka ɗan ba su hutu. Asabar uku kawai."

"Hutu? Sun ce maka sun gaji ne?"

Nan fa Musbahu ya zazzage komai: arba'in, ashirin da takwas, Afrilu, Inna Atine. Ya ce katangar nan in ta tabbata, ba Doha kaɗai ba, duk ƙasashen Larabawa za a kafa ta, karnuka dubbai za su tsira. Mene ne goma sha biyu a cikin dubbai? Har ya ji maganar ta yi masa daɗi a baki, ya maimaita ta.

Absalom ya ce, "To na ji. Gobe ka zo ka nuna mini su."

"Su wa?"

"Goma sha biyun. Ka bi layi ka nuna da yatsa, wannan, da wannan, da wancan. Ni ban iya zaɓe ba."

"Haba Baba, ai ba haka nake nufi ba."

"To yaya kake nufi? Ɗauki kilishinka, ɗana. Haƙorana sun tsufa."

Musbahu ya fito ransa a ɓace, kuma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne tsohon bai yi masa tsawa ba. A mota ya dinga faɗa shi kaɗai. Mutumin da ko difloma bai gama ba! Shi zai tsaya tsakaninsa da digirin da ya bar gida shekara uku dominsa? Kafin ya kai masaukinsa a Al Gharrafa shawara ta zo masa, irin shawarar da ba ta zuwa wa mutum sai ya yi karatu mai zurfi.

Ya rubuta takarda zuwa ga sakataren ƙungiyar masu karnukan tsere, a kan takardar jami'a mai tambari, da Turanci da Larabci. Bai ambaci Absalom ba, bai ambaci buhu ba, shi ba mai kai ƙara ba ne. Ya ce kawai, a matsayinsa na masani ya lura motar barewa ta daina tsayawa a gaban rumfa, wanda hakan ya saɓa wa ƙa'idar bincike. Sai ya ƙara da abin da ya san zai kama: cewa saboda haka manyan baƙi sun daina ganin lokacin da zakaran kare ke cafke barewa, masu hoto kuma sun daina samun hoton da ya dace da martabar ƙungiya. Ya sa hannu, ya lallaɓa ofishin sashensu aka buga masa hatimi.

Kwana biyu tsakani aka kira Sadick da Absalom ofis. Ƙungiyar ce kafil ɗinsu, wato uban gidan da ya tsaya musu, ita ke riƙe da takardun zamansu, don haka maganar ba ta yi tsawo ba. Mota za ta tsaya a layi, khalas, magana ta ƙare.

Daren Juma'ar da ta zagayo bai yi ba Absalom ya turo masa saƙon murya, muryarsa a kwance. "Malam Musbahu, na ga aikinka. Ni daga yau ba na rubuta takarda. Mai son lissafi ya zo bakin layi ya ɗauka da idonsa."

Haka Musbahu ya tsinci kansa ranar Asabar da hantsi tsaye a bakin layin ƙarshe, karo na farko, da farar jallabiyarsa da allon rubutu a hannu. Sanyi na kaɗawa. A rumfa ana zagayawa da gahawa da dabino, masu hoto sun durƙusa a jere. Can nesa ƙura ta tashi, hon ya cika hamada. Sai ga su. Wallahi bai taɓa sanin haka suke gudu ba. A takarda lamba ce, kilomita kaza a awa. A ido kuwa ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa, kunnuwa a kwance, idanu a kan barewa, kamar duk duniya babu wani abu sai ita. A gaba akwai wata 'yar karya ruwan ƙasa, ta ba na biyu tazarar tsawon mota. Musbahu ya ji bakinsa na cewa "Yalla! Yalla!" ba tare da ya ba shi izini ba.

Sadick ya take birki.

Ƙarar ita ce Musbahu bai shirya mata ba. Babu wanda ya taɓa rubuta masa ita a takarda. Wani ƙas, kamar an karya busasshen itace a gwiwa, sannan kuka, siriri, mai shiga har cikin haƙori. Karyar nan ta cafki barewa a sama, uku suka haɗu a kanta, suka maka ta da ƙarfen motar. Kyamarori na ta walƙiya. A rumfa ana tafi.

Absalom ya riga ya isa, yana janye wannan, yana ture wancan. Huɗu ne a ƙasa. Ya ɗago kai yana neman hannu, babu kowa kusa sai mai farar jallabiya.

"Musbahu! Zo riƙe mini kanta!"

"Baba, ni ban..."

"Ka ajiye allon nan ka zo, don Allah!"

Bai san lokacin da ya durƙusa ba. Ya tallafo kan karyar ya ɗora a cinyarsa. Ashe kare ɗumi gare shi. Ashe zuciyarsa bugawa take yi a ƙarƙashin tafin hannu, fat-fat-fat, kamar ta jariri mai zazzaɓi. Ƙafarta ta gaba ta lanƙwashe ta inda babu gaɓa, farin ƙashi ya leƙo. Absalom na yi mata allura yana magana da ita da yarensu, ita kuwa ta kafe Musbahu da ido, ta zaro harshe tana lasar wuyan hannunsa. Yawu da jini suka ɓata jallabiyar har ƙirji, bai ko lura ba.

Wani dattijo ya fito daga mota yana ɗingishi, ya ture mutane. Abu Rashad ake ce masa, shi ne mai karyar. "Shamal! Shamal!" yake kira, sunanta ke nan. Ya zube a rairayi, ya dubi ƙafar, ya dubi Absalom.

"Za ta sake gudu?"

Absalom ya girgiza kai. "Ko tafiya ma sai Allah."

Tsohon ya cire ƙyallen kansa, a gaban kowa, ya lulluɓe ta da shi, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da hannunsa ya shayar da ita madara a kwalba lokacin da uwarta ta mutu. Sannan ya juyo ga Musbahu, ya ga jinin da ke jikinsa, ya kamo kansa da hannu biyu ya sumbaci goshinsa.

"Kai ne likitan jami'a da aka ce ya zo ceton karnukanmu? Allah ya saka maka da alheri, ɗana. Allah ya ji ƙan iyayen da suka haife ka."

Musbahu ya ce amin. Me zai ce?

Kafin ya kai gida saƙon Farfesa ya shigo, har da hoton babban yatsa: huɗu a rana ɗaya, abin nema ya samu, in aka ci gaba a haka Asabar biyu sun isa. Musbahu ya karanta, ya faka a gefen titi, ya buɗe ƙofa ya yi amai.

Za ku so ku ji cewa washegari ya je ya janye takardarsa. Bai je ba. Ya yi niyya, har ya sa takalmi. Sai ya zauna ya yi lissafi: in ya janye yanzu, ƙafar Shamal ta karye a banza ke nan. Gara a ƙarasa, saura takwas kawai, daga nan katanga ta hau, kowa ya huta. Ya cire takalmin. Asabar ta gaba biyar suka faɗi, ya riƙe kan uku daga ciki. Wadda ta biyo baya uku, cif arba'in. Ya rame, ya daina guga, ya daina ɗaga wayar Inna Atine sai ya tura mata saƙo cewa aiki ya yi yawa, ita kuma ta shiga unguwa tana cewa Dakta ko barci ba ya samu saboda marasa lafiya. Absalom bai ƙara ce masa komai ba sai "riƙe nan" da "danna nan".

Ranar Alhamis aka ɗauko katangar daga Al Aziziya a babbar mota. Ma'aikata takwas da injin hura iska biyu suka wuni a kanta. Da ta tashi tsaye, kai, abin kallo ne: ruwan lemo, tsayinta ya fi mutum biyu, ta yi zobe a bakin layi kamar rumbun da ya kumbura. Musbahu ya ruga da gudu ya faɗa jikinta don gwaji, ta karɓe shi lumus ta maido shi. Ya yi dariya, karo na farko cikin wata guda. Har ya ji kamar ya kira Abu Rashad ya ce masa ga shi, ba a banza ba.

Da la'asar shugaban ƙungiya ya zo dubawa da mutanensa. Bai je wurin katangar ba. Rumfa ya shiga, ya zauna a kujerarsa ta tsakiya, ya dubi gabansa. Babu layi, babu hamada, babu komai sai ruwan lemo. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Ya ce wa sakatare wata magana gajeriya, ya shiga mota ya tafi. Kafin magariba an zare toshiyar, katangar na ta huci tana kwantawa.

Ranar Lahadi da sassafe Musbahu na ofishin sakatare. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare, ya sa aka kawo masa shayi, ya ce ai shugaba ya yaba da katangar ƙwarai, kyakkyawa ce, sai dai tana tare wa manya kallo, kuma masu hoto ba za su samu hoton da ya dace da martabar ƙungiya ba.

"Amma ranka ya daɗe, karnuka na karyewa!"

"Wallahi muna baƙin ciki. Amma kai da kanka ka nuna mana muhimmancin hoton nan. Ka ga na makon jiya kuwa? Har a bangon majalisar shugaba an kafa."

Musbahu ya roƙa a matsar da katangar gaba, sakatare ya ce in an matsar da ita dole mota ta wuce layi. Ya ce to a matsar da rumfar, sakatare ya dube shi kamar ya ce a matsar da Ka'aba. Ƙarshe ya haɗiye duk wani girman kai da ya rage masa.

"To a bar katangar. A koma yadda Absalom ke yi. Mota ta wuce a hankali, a jefa buhuna. Asabar shida babu karen da ya ji ciwo, ni shaida ne, zan rubuta."

Sakatare ya yi murmushi, ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani sabon ɗan littafi mai sheƙi, dokokin tsere da aka buga a makon nan. Ya buɗe shafi na tara ya juyo masa da shi. Doka ta goma sha huɗu: wajibi ne motar barewa ta tsaya cak a kan layi, gaban rumfa, bisa shawarar masana ta jami'a. A ƙasa, cikin baƙaƙe masu kauri, an rubuta: Ƙa'idar Dakta Musbahu.

"Ka ga mun karrama ka," in ji sakatare. "Malamin dabbobi ba zai warware abin da jami'a ta buga wa hatimi ba. In kana son a sauya, sai babban taro, shekara mai zuwa in Allah ya kai mu. Ɗauki wannan, kyauta ne."

Daga cikin mota ya kira Farfesa. Ya yi ta ringin. Can sai saƙo ya shigo: abin takaici ne ƙwarai, babu katanga babu kundi, amma kada ya karaya, arba'in ɗin da ya tara za su yi wa ɗalibi na gaba amfani sosai.

Bai san inda zai nufa ba. Motar ce ta kai shi Abu Hamour. Ya tarar da Absalom a tsakar gida kan bokitin nan, sai dai yau ba buhu ne a gabansa ba, bandeji ne yake naɗewa, tuli guda, yana jerawa a kwali. A gefe, kan tsohuwar katifa, Shamal na kwance. Abu Rashad ya kasa kallonta a haka, ya roƙi Absalom ya yi jinyarta. Ƙafar ta ƙi ɗoruwa, an yanke ta daga gwiwa. Da ta ga Musbahu sai ta ɗaga kai tana kaɗa wutsiya.

Ya tsuguna a bakin ƙofa, littafin dokokin a hannunsa. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce ba katanga, ya ce ba buhu, ya ce ba digiri. Ya ce, "Baba, ni na yi. Da hannuna na rubuta."

Absalom bai daina naɗe bandeji ba. Ya bar shi ya yi mai isarsa.

"Sadick ya kawo mini littafin tun jiya," in ji shi. "Yaushe takardar zamanka za ta ƙare?"

"Ƙarshen Afrilu."

"To saura Asabar shida a rufe fili." Ya tura masa kwalin da ƙafa. "Kama naɗi. Kuma ka dinga zuwa da wuri, hannuna biyu ne kawai."